Shinge, Rumbu da Saƙon Mai Gona

A ƙasar Babura da wuya ka ƙirga gida goma ba ka tarar da wanda babban wansu yake birni ba. Wani yana Dawanau yana harkar riɗi da zoɓo, wani yana Kantin Kwari, wani aikin gwamnati ya riƙe shi a Dutse. Gonar gado kuwa tana nan inda mahaifi ya bar ta, ƙanen da ya zauna gida shi ke fama da ita. Da ruwan shuka ya sauka sai waya ta ɗauki zafi. "Yaya, an yi ruwa daren jiya, ƙasa ta jiƙu sosai, amma takin nan buhu biyu ba zai kai mu ko'ina ba." Can bayan la'asar amsa ta iso: "To madalla. Ku fara da gero a tudu, riɗi a bar masa jigawar gabas. Na tura kuɗin 'yan ƙwadago, ka je ka cira. Yaya batun shingen bakin burtali?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai nauyi. Gonar da ke tsakiyar gonaki maƙwabta ne ke tsare ta ko ba su yi niyya ba. Ta bakin burtali kuwa ita ke karɓar duk abin da ya kuɓuce wa makiyayi. Shi ya sa za ka ga an jera mata aguwa, itacen nan mai farin ƙaro da dabba ba ta ci, inda ya yi giɓi a saro ƙayar magarya a cusa. Amma kowane manomi ya san shinge ba ya tsaron kansa. Idan gero ya fara nuna, dole wani ya kafa bukka ya kwana a can. Mai kwanan nan sai ya ci, abin da zai ci daga rumbu zai fito, rumbun kuma ba ya cika sai idan saƙon da ke kai da komowa tsakanin birni da ƙauye gaskiya yake ɗauke da ita, kuma na birni yana sauraron na gida.

Ni a ganina haka ya kamata a karanta tarihin wannan yanki a ƙarni na 19. Mun fi son labarin takobi da kirarin barade, alhali abin da ya riƙe iyakar Kano ta arewa takarda ce da hatsi.

Babura ita ce gonar bakin burtalin Kano. Ribaɗi ce, wato garin tsaro mai ganuwa da aka zaunar da jama'a a cikinsa don su noma kuma su tare hanya. Ka dubi maƙwabtanta. Ga Ɓaure nan kusa, ga Zango, inda zuriyar sarakunan Haɓe na Daura suka koma bayan jihadi suka shiga inuwar Damagaram. Ka ƙara gaba kaɗan ta Babban Mutum ka shiga Magarya, daga nan sai Zindar, babban birnin Damagaram. Duk rundunar da ta taso daga arewa tana nufin gonakin Kano, ta wannan sararin za ta ratso, kuma da rani take zuwa, lokacin da aka gama girbi, rumbuna suka cika, ƙasa ta bushe wa doki.

Tunanin ribaɗi na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, kuma bai tsaya ga umarni ba, shi kansa ya tare a Wurno, can ya rasu a 1837. Bello mutum ne mai yawan rubutu, kuma wasiƙunsa ga sarakuna sun fi kama da saƙon mai gona da ke nesa fiye da shelar yaƙi. A littafin da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje kan ginshiƙan mulki, ya ja hankalinsa ga masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani, a tabbata kowane gari yana da nasa. Ya yi maganar tanadin abinci, da gina garuruwa masu ganuwa, da gyaran kasuwa da hanya. Ya amsa tambayoyin Sarkin Bauchi Yakubu a rubuce. Mutumin da ya jagoranci yaƙin Gawakuke a 1836 ke nan, amma idan ya ɗauki alƙalami hankalinsa na kan wa zai ƙera garma a ƙauye.

Rikici na farko da ya gwada wannan tsari a yankinmu na cikin gida ne. A 1819 Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano, Ɗantunku kuma, wanda ya ba da gudummawa a jihadi daga arewacin Kano, ya ƙi yi masa mubaya'a. Aka shekara kusan biyar ana gwabzawa. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya iso Kano a watan Janairu na 1824, a sansanin Fanisau ya je ya gai da Dabo, yana shirin fita wa Ɗantunku. Abin da dawaki suka kasa yankewa, hukuncin Sakkwato ya yanke: Bello ya amince Kazaure ta tsaya da ƙafarta, ta riƙa bin Sakkwato kai tsaye. Masarautar da ta haɗa Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi a yau daga wannan sulhun ta samo tushe. Fanisau kuma, da ƙurar yaƙi ta lafa, ta zama ɗaya daga cikin manyan gandayen sarki.

Dabo ya yi wani abin da ya fi wannan tasiri. Ya ga ƙasar Kano ta fi ƙarfin a riƙe ta da jama'ar malamai da shugabannin zuriya kaɗai, sai ya nemi izinin Bello ya dawo da sarautun da aka gada tun zamanin Haɓe. Da izinin ya samu, manyan bayin sarki suka dawo da ƙarfinsu: Shamaki, Ɗanrimi, Sallama. A hannunsu gandayen sarki suke, irin su Fanisau, Ɗorayi, Gasgainu, Takai, da Nasarawa daga baya. Kowane gandu yana da mai kula da shi a wurin, shi ke fitar da mutane aiki da safe, shi ke ƙirga dami, shi ke sanin rumbu nawa aka cika, nawa aka buɗe. Daga nan hatsin fada ke fitowa, da harawar dawaki, da guzurin runduna, da abin saukar baƙi. Ga kuma haraji a gefe. Baturen nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa kuɗin ƙasa wuri 2,500 ne a kan kowane magidanci, kowace rijiyar karofi kuma wuri 700.

Yana da kyau mutum ya san kamannin wasiƙar da ke ɗauke da waɗannan al'amura. Falle ɗaya ce galibi, takarda mai kauri da fatake ke kawowa ta Sahara, irin wadda idan ka ɗaga ta a rana za ka ga alamar jinjirin wata uku a jikinta, aikin masana'antun Italiya. Hatimin sarki yana sama. Da Larabci aka rubuta, ko da yake mai aikawa da mai karɓa Hausa ko Fillanci suke yi a baki. Bisimilla, salati, daga wane zuwa ga wane, gaisuwa da addu'a, sa'an nan magana a layi biyar ko shida, a rufe da sallama. Yawancinsu ba kwanan wata. Dalili shi ne takardar rabin saƙo ce kawai, sauran yana bakin manzon da ya riƙo ta, hatimin shaida ne cewa a yarda da abin da zai faɗa. Kuma ba kai tsaye ake rubuta wa Sarkin Musulmi ba, sai ta ƙofa. Ƙofar Kano da wasu masarautun gabas shi ne Waziri, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima har zuwa jikansa Buhari. Abin da ke ciki kuwa: ga gaisuwar bana ta taho, dawaki kaza, riguna kaza, ga gadon wane da ya rasu a ƙasarku, a tattara a aiko, ga bawan wane ya gudu, an gan shi a garinku, ga labarin abokan gaba sun yi sansani a wuri kaza. Wanda ya taɓa sauraron saƙonnin wa da ƙane a kan gona zai gane muryar nan take.

To, ana cikin wannan zama sai aka sami wanda ya canza yanayin burtalin gaba ɗaya.

Tanimu ɗan Sulaimanu ya ɗanɗana sarautar Damagaram na ɗan lokaci a farkon shekarun 1840, ya sha jayayya da ɗan'uwansa Ibrahim, sa'an nan ya dawo a farkon shekarun 1850 ya zauna daram har rasuwarsa a 1884. A suna, Damagaram tana bin Barno. A aikace, Tanimu ya gina abin da Barno ba ta iya juya shi. Ya kewaye Birnin Zindar da ganuwa mai kauri wadda har yau ana ganin ragowarta. Ya jawo fataken Larabawa da ayarin Buzaye masu bin hanyar Tarabulus, ya riƙa sayen bindigogi. Bai tsaya ga saye ba, ya tara maƙera suna haɗa albarushi a gida, suna zuba igwa ta tagulla. Masu tarihi suna ƙiyasta ya tara bindiga wajen 6,000 da igwa wajen 40. Ko da an rage wani abu daga wannan lissafi, babu sarki a ƙasar Hausa a lokacin da ya kusa da shi. Kazaure ta ji a jikinta tun da wuri, don Sarki Dambo ɗan Ɗantunku a hannun Damagarawa ya rasu a 1857.

Yawan bindigar bai kai muhimmancin hannun da aka ba ta ba. Yaƙin da aka gada na barade ne. Hakimi yana da ƙasarsa, daga ita yake ciyar da dawakinsa, ya sayi sulke da lifidi, ya tara yaransa. Sarki ya kira, ya zo da su. In ransa bai so ba ya yi nawa, ko ya zo da rabi. Ɗan bindiga kuwa ba shi da ƙasa, ba shi da doki. Bawa ne, sarki ya ba shi bindiga, sarki ke auna masa albarushi, daga rumbun sarki yake ci. Tanimu ya ɗora bayinsa a kan manyan muƙamai na yaƙi da na mulki, ya rage dogaro da 'yan sarauta masu gado. Wannan shi ne gyaran da ya yi, kuma gyara ne da ba ya yiwuwa sai da gandu mai faɗi da taska mai nauyi.

Mu koma bakin burtali mu ga misalinsa. Ƙaya kyauta ce, gatari da ƙarfin yaran gida kawai take nema, sai dai kowace shekara a sake. Ranar da wa ya ce a sa waya mai ƙaya da turakun ƙarfe, shingen ya fi ƙarfi, amma daga ranar gonar ta shiga wani hali. Waya da kuɗi ake sayenta, don haka dole a ƙara fili ga riɗi da zoɓo, abin da Dawanau ke saye, a rage na gero. Kuma mai biyan kuɗin waya shi ke da magana a gidan, ko da baffanni sun girme shi. Haka ya faru da Damagaram. Bindigar Tarabulus da gashin jimina ake biyanta, da fatu, da mutane.

A nan misalin nawa ya tsaya, kuma bai kamata a ja shi ya wuce nan ba. Ƙanen da ke noma gonar gado yana da rabonsa a cikinta, in ya gaji yana iya cewa a raba, ko ya tafi cirani. Waɗanda suka cika rumbunan Fanisau da na Zindar ba su da wannan zaɓi. Bayi ne, da yawansu kamo su aka yi daga garuruwansu. Suna aikin gandu daga safe har rana ta karkata, sa'an nan su juya ga 'yar gayaunarsu. Wani ya sami yarjejeniyar murgu, ya yi sana'arsa yana biyan ubangijinsa, wani ya tara ya fanshi kansa, da yawa kuma suka mutu a yadda suke. Matar da mahara suka ɗauke a bakin rijiya a wani ƙauyen arewacin Kano tana iya ƙarewa a gandun wani basarake a Damagaram, ko a bi da ita Sahara a musanya da bindigar da za a dawo da ita a harbi danginta. Rundunar Kano ma haka take yi in ta fita kudu. Yawan wasiƙun da ke maganar bawan da ya gudu shaida ce cewa mutanen nan ba su taɓa yarda da halin da suke ciki ba. Duk mai alfahari da ganuwar garinsu, ya kamata ya san wanda ya ɗauko ƙasar ginin.

Kano ta koyi darasin bindiga, amma a hanya mai tsada, kuma wasiƙa ce ta jawo. A ƙarshen 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu. Waziri Buhari yana Kano a lokacin, yana gani da idonsa cewa yawancin gidan sarauta da manyan bayi suna bayan Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi. Amma Sarkin Musulmi Abdurrahman yana can Sakkwato da nasa lissafin. Tukur ɗan Bello ya nuna jarumta a yaƙin Argungu, shi yake so, kuma ya dage a wasiƙarsa. Waziri ya naɗa Tukur. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan karon na nesa ya ƙi jin na kusa. Tsarin da ya yi shekara saba'in yana aiki saboda Sakkwato tana tambaya kafin ta yanke, ya karye a rana ɗaya.

Ka lura da inda Yusufawa suka nufa da suka fice daga birni: Takai. Ribaɗi ce ta kudu maso gabas da aka ƙarfafa saboda hare-haren Ningi, akwai gidan sarki, akwai gandu, akwai rumbuna, akwai bayin da suka san yaƙi. Wanda ya riƙe Takai ya sami abin ciyar da runduna. Sakkwato ta yi ta aika takardu ga sarakuna su kai wa Tukur ɗauki, kaɗan ne suka motsa da gaske. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, ƙaninsa Aliyu Babba, wato Alu, ya karɓi jagoranci, ya shiga Kano a shekarar, a watan Maris na 1895 kuma aka gama da Tukur a Tafashiya. Alu ya hau mulki da ƙarfin 'yan bindiga, har ake masa laƙabi da Mai Sango, kuma ya ci gaba da jingina da su da manyan bayin fada. Ta wannan fuska hanyar Tanimu ya bi, ko da yake malami ne mai rubutu, jikan gidan Sakkwato ta wajen uwa.

Basasar ta bar arewacin Kano a buɗe. A 1898 Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga, ɗan Tanimu, ya ratso da rundunar da ubansa ya gina har Gezawa, tafiyar yini ɗaya daga birni. Ribaɗi ba ta iya tsayar da irin wannan runduna, ba a ma gina ta don haka ba. Aikinta ta tare ƙananan mahara, ta ba manoma mafaka su da dabbobinsu, ta kuma tura mahayi da labari tun ƙura tana nesa. Sauran aikin na birni ne, birnin kuwa bai gama farfaɗowa daga yaƙin 'yan'uwa ba.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A shekarar 1898 ɗin aka kashe Bafaranshe Cazemajou a Zindar. A watan Yuli na 1899 Faransawa suka karya rundunar Damagaram a Tirmini, suka shiga birnin, ba a jima ba aka kashe Ahmadu. Igwar tagulla da bindigar ɗuri ba su yi komai ba a gaban bindiga mai cin harsashi da yawa. Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojan Ingila, waɗanda ba su kai dubu ba, suka fasa ganuwar Kano da manyan bindigogi huɗu, Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, Alu aka kama shi, ya rasu a Lakwaja a 1926. Da Sakkwato ta faɗi a watan Maris, Turawa suka tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, wani jami'insu Backwell ya fassara wasu ya buga a 1927. Wasu suna nan a Sakkwato cikin abin da Waziri Junaidu ya adana, wasu a gidan ajiyar takardun tarihi na Kaduna. Ina da yaƙinin ɗalibin tarihi daga Babura ko Kazaure da ya iya Larabci zai fi kowa gane su, don shi ya san sunayen garuruwan da tazarar da ke tsakaninsu a ƙafa.

Sababbin masu mulki da ƙasa suka fara. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 suka ja layi a arewa da Babura, aka kafa alamomi, Magarya da Zindar suka faɗa wancan gefe. Aka shelanta cewa duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ko da yake sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya, gandaye suka riƙa zubar da mutane a hankali. Razdan Cargill ya tilasta wa hakiman Kano su bar zaman birni su koma gundumominsu, aka rage ƙarfin jakadu da manyan bayin fada, haraji ya koma baitulmali, sarki da hakimi suka koma cin albashi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta bi bayansa. Babura ta ci gaba da zama a ƙarƙashin Kano har 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ta shiga masarautar Ringim tare da Garki da Taura. Takarda ba ta daina zuwa daga birni ba a duk tsawon shekarun nan, sai dai ta daina tambayar motsin dawakin Damagaram, ta koma tambayar kuɗin haraji, da jangali, da yawan gonakin da aka auna.